Shekarar da Aka Fasa Rumbun Damina

Hambali Garba ya zo Doha yana da shekara talatin da huɗu, da takardar shaidar koyon gyaran injin ban ruwa, da niyyar yin shekara biyar ya koma. Na san shi a shekararsa ta shida, lokacin ina karatu a can. Kowace Juma'a, idan aka sauko daga masallaci, yakan zo ɗakin da wasu ɗalibai 'yan Najeriya muke haya a Madinat Khalifa, ɗauke da kwalin tumatir da kokwamban da suka lanƙwashe, waɗanda masu awo ba sa karɓa. Mu ci shinkafa tare, a yi la'asar, ya bi motar da za ta mayar da shi gona.

Gonar tana arewa da birnin, tafiyar kusan awa ɗaya. Ta wani Balarabe ce, kafil ɗinsa, wato mai ɗaukar nauyin zamansa a ƙasar, wanda Hambali bai gani ba fiye da sau goma a duk zamansa. A cikin manyan rumfunan leda ake shuka, ruwa kuma ta siraran bututu yake ɗiga a gindin kowace shuka. Aikin Hambali shi ne kada ɗigar nan ta tsaya. Yana zagaya layuka tun da asuba, yana tsugunawa, yana taɓa ƙasa da bayan yatsa. Abokin aikinsa, Eli, mutumin Filato ne, Kirista, mai kula da wutar lantarki da na'urorin sanyaya rumfunan. Ɗakinsu ɗaya, tukunyarsu ɗaya, kuma ba a yin yini ba su yi musu ba.

Hambali ba mai yawan magana ba ne, sai an taɓo fadama. Mahaifinsu ya rasu ya bar musu gonaki uku a ƙauyensu, Unguwar Ɗinya: biyu na tudu inda ake masara da dawa, da ɗaya a fadama, bakin rafi, wadda ba ta wuce kadada ɗaya ba. Ba su raba gado ba. Yayansa Ismail ne ya ci gaba da riƙe gandu, yana ciyar da gidan mutum goma sha tara, har da mahaifiyarsu da matar Hambali, Atine, da 'ya'yanta uku. Yarjejeniyarsu ba a rubuce take ba, amma kowa a gidan ya san ta: ranar da Hambali ya dawo, fadama tasa ce. A kanta zai haƙa rijiya, ya shimfiɗa bututun ɗiga irin wanda ya koya, ya yi noman rani. Saboda ita ya zo Doha, ba don wani abu ba.

Akwai wata al'ada a gidansu da ya taɓa ba mu labarinta yana dariya. Rumbu biyu ne a tsakar gida. Daga ɗaya ake ɗiba ana ci tun daga kaka. Ɗayan kuwa, babban, idan an cika shi da dawa da masara, maigida yakan liƙe bakinsa da laka da hannunsa, ba a sake taɓa shi sai ruwan shuka ya sauka. Shi ne rumbun damina. Daga shi ake ciyar da gida da masu aikin gayya a watannin da hatsi ke tsada, a cikinsa kuma irin shuka yake. Ya ce mahaifinsu ya taɓa sayar da kekensa a wata shekarar da aka yi rashin lafiya a gidan, don dai kada ya fasa lakar nan kafin lokaci.

Abin da ya fi burge Hambali a gonar kafil ɗinsa ba rumfunan ba ne. Motar tara kaya ce. Takan zo a ranakunta, a loda, a kai wurin awo, a saya a farashin da hukuma ta tsayar tun kafin a shuka. Ko kasuwa ta cika da tumatirin waje, mai gona ya san abin da zai samu, kuma kuɗin yana shigowa a lokacin da aka ce. Shekara shida yana kallon wannan, bai taɓa ganin an saɓa ba.

"A nan manomi yana barci," yakan ce mana. "Mu a gida, ka yi noma ka yi addu'a, ka girbe ka sake yin addu'a."

A kakar shekarar nan masara ta yi kyau a yankinsu, farashinta kuma ya faɗi warwas. Buhu bai mayar da kuɗin takin da aka zuba masa ba. Sai gwamnatin jiharsu ta sanar da tallafi: duk manomin da ya yi rajista, ya kai hatsinsa cibiyar awo ta ƙaramar hukuma kafin ƙarshen Janairu, za a karɓa a farashin da ya kusan ninka na kasuwa, a biya shi ta banki cikin sati uku. Ismail ya yi rajista, ya kai rarar da dama ta sayarwa ce, aka ba shi takarda mai hatimi.

Hambali ya kwana biyu yana juya maganar a ransa. Ranar Juma'a ya zo ɗakinmu tare da Eli, wanda ya raka shi don yana son sayen takalmi a kasuwar Souq Waqif. Bayan an ci abinci, Hambali ya bayyana dabararsa. A fasa rumbun damina, a kai duk abin da ke ciki cibiyar awo. Idan kuɗi ya shigo bayan sati uku, a koma kasuwa, inda hatsi ke arha, a sake cika rumbun. Abin da ya rage ya isa a haƙa rijiya a fadama tun kafin ya dawo.

Eli ya ajiye cokalinsa.

"Malam, ka daɗe a ƙasar Larabawa. Rana ta dafa maka kai."

"Hatimin gwamnati ne fa a kan takardar."

"Ni ma akwai hatimin gwamnati a kan takardar fanshon babana. Har ya mutu yana ajiye da ita a cikin Littafi Mai Tsarki."

"Wannan daban. A rediyo aka faɗa, ta banki za a biya, ba hannu da hannu ba. Zamani ya canja, Eli. Kai dai ka tsaya a wayoyinka."

"To, khalas, shi ke nan. Injiniya ya yi magana."

Muka yi dariya, har da ni. Gaskiya lissafin ya yi mini daidai a ranar, kuma na faɗa masa haka.

A gabanmu ya kira Ismail, ya sa wayar a fili. Suka gaisa gaisuwa mai tsawo, aka tambayi Inna da ƙafarta, aka tambayi yara. Sannan Hambali ya yi masa bayanin dabarar.

"Hambali," in ji Ismail, "rumbun damina kake nufi?"

"Shi, Yaya. Sati uku ne kawai zai yi babu komai."

"Baba bai taɓa fasa shi da rani ba."

"Baba bai ga irin wannan tsarin ba, Allah ya jiƙansa. Ni ina ganinsa kullum da idona. Haka ake yi a nan, Yaya, kuma ba wanda ya taɓa kuka."

"Can ne."

"Daga can ake koyo. In muka bari Janairu ta wuce, shi ke nan, rijiyar sai wata shekara, in ma an samu."

Muna jin kukan akuya daga can, da muryar wata mata tana kiran yaro.

"To," in ji Ismail. "Kai ka yi karatu, ka ga duniya. Fadamar ma taka ce. Allah ya sa haka ne alheri."

Ranar Litinin Ismail ya fasa lakar. Atine ta turo hoton amalanken shanu a ƙofar gida, an ɗora buhuna har sun fi tsayin mutum. Hambali ya nuna wa kowa a gona, har da 'yan Bangladash masu tsinkar tumatir.

Sati uku suka wuce. Aka ce ana tantance sunaye. Fabrairu ta ƙare, aka ce wasu lambobin asusu ba su dace da sunayen masu su ba, sai an sake tantancewa. A Maris aka ce jami'in da zai sa hannu ya yi tafiya. Hatsin da ya yi arha da kaka ya fara tashi a kasuwa, kamar yadda yake yi kowace bazara. Hambali ya rage zuwa Madinat Khalifa. Idan ya zo, wayarsa tana kan gwiwarsa, yana karanta saƙonnin ƙungiyar manoman ƙaramar hukumarsu. Ya ƙara abin da yake turawa gida, ya daina sayen nama, Eli kuma ya daina tsokanarsa a kan maganar.

A farkon Mayu, kwana kaɗan kafin ruwa ya sauka, Ismail ya kira shi da kansa, abin da ba ya yawan yi.

"An biya rabi," ya ce. "Ka kwantar da hankalinka. Na sayi iri da taki, na zuba hatsi a rumbu. Sauran yana hanya."

Hambali ya zo mana a Juma'ar nan da fara'ar da muka daɗe ba mu gani ba. Ya saya mana lemo. Ya kama kafaɗar Eli yana girgiza shi.

"Ina mai fansho? Ka ji ko?"

"Na ji. Yalla, na janye. Idan an haƙa rijiyar ka sa mata sunana."

Ya je wurin manajan gona ya ce ba zai sabunta kwantiragi ba idan ya ƙare a Satumba.

Ba a biya ko kwabo ba. Wannan bai sani ba sai a tsakiyar Yuli, da tsakar rana, yana cikin rumfar da aka kwashe shukarta saboda zafi, yana wanke bututu. Atine ce ta kira. Eli ya ce ya hango shi ya zauna a ƙasa a tsakanin layuka, wayar a kunne, bai motsa ba.

Abin da ta gaya masa shi ne: tun Afrilu ƙaramin rumbu ya ƙare. Abin da Hambali ke turowa ba ya ciyar da mutum goma sha tara a farashin bazara. Ismail ya sayar da shanun huɗa biyu, aka ci, aka sayi iri. Da lokacin taki ya zo, ga Inna a kwance, ya nemi wanda zai karɓi jinginar fadama, ya riƙe ta shekara ɗaya ko biyu har a fanshe. Amma rabin garin sun kai hatsinsu cibiyar awo, kowa jingina yake nema. Mutum ɗaya ne mai kuɗi a hannu, wani ɗan kasuwa daga cikin gari, Alhaji Mu'azu, shi kuma ya ce ba ya jingina, saye yake yi. Aka yi ciniki a gaban mai unguwa da shaidu. Wata guda ke nan.

"Me ya sa ba ki gaya mini ba?"

"Yaya ya tara mu ya ce duk wanda ya faɗa maka, bai yafe ba. Yau ma don na ga an fara kafa turaku a bakin rafi ne, na ce ba zan iya ba. Baban Rahmat, kana ta cewa za ka dawo Satumba, za ka dawo Satumba. Ka dawo ka tarar da me?"

Da yamma ya kira yayansa. Eli yana ɗakin, ya tashi zai fita, Hambali ya yi masa alama ya zauna.

"Yaya, da gaske ne?"

"Atine ce ko? Kada ka yi mata faɗa."

"Ka ce mini an biya rabi."

"Na ce."

"Da ka faɗa mini gaskiya, da na nemo. Da na je wurin manaja, da na roƙi 'yan'uwa a nan. Da na sayar da wayar nan."

"Na sani. Shi ya sa."

"Ban gane ba, Yaya."

"Kai ka kawo shawarar. In na ce maka babu abinci a gida, me na ce maka ke nan? Na ce kai ka jawo. Kana ƙasar mutane, kai kaɗai, ga zafi, in ɗora maka wannan? Kuma ni ne babba. Ban taɓa miƙa maka hannu ba, Hambali. Abin da ka turo da kanka na karɓa, amma in buɗe baki in roƙi ƙanina abin da zan ciyar da gidan Baba, ban iya ba. Na yi ta cewa gobe za a biya, in rufe abin kafin ka ji."

"Amma fadama, Yaya."

"In na sayar da ta tudu, me za mu ci baɗi? Fadamar ce ba ta ciyar da kowa tukuna."

Eli ya ce Hambali bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Haka ne, Yaya." Ya tambayi jikin Inna. Ya ce a gaida mutanen gida. Da ya ajiye wayar, ya ɗauki buta ya fita, ya daɗe bai dawo ba.

Kuɗin ya shigo a sati na biyu na Agusta, cif, ba a rage komai ba. Aka sanar a rediyo cewa an cika wa manoma alkawari. Ismail ya tafi gari washegari, ya sami Alhaji Mu'azu a shagonsa, ya ce ga kuɗinsa, har da ƙari. Alhajin ya karɓe shi da mutunci, ya ba shi ruwa, ya ce ya riga ya dasa shinkafa, ya kuma biya masu haƙa rijiya, ba zai iya ba. Hambali ya kira shi da kansa daga Doha sau biyu. Na farko ya ɗauka, ya yi masa addu'ar dawowa lafiya. Na biyu bai ɗauka ba.

Ba wanda ya cuci wani a cinikin, abin da Hambali ya yi ta maimaita mana ke nan. Alhaji ya biya farashin da aka yi, gwamnati ta biya abin da ta ce, wata shida kawai aka ƙara. Na ce masa ni ma ina cikin waɗanda suka ce lissafin ya yi. Ya ce, "Kai ɗalibi ne, ba ka san rumbu ba. Ni na san shi."

A ƙarshen Agusta ya koma wurin manaja ya ce ya canja shawara. Aka ba shi sabon kwantiragi na shekara biyu, ya sa hannu. Hutun da ya cancanta a shekarar bai ɗauka ba. Ya ce wa Atine tikiti ya yi tsada. Ya ce wa Eli ba zai iya bin hanyar shiga garinsu ba, don ta bakin rafi take wucewa, kuma bai san da wace fuska zai kalli yayansa ba, mutumin da yanzu yake huɗa da shanun aro.

Na gama karatu na dawo gida a Disamba. Hambali ya ba ni saƙo: maganin ƙafar Inna, atamfa biyu, takalman yara, da agogo na Ismail. Unguwar Ɗinya ba ta kan hanyata, amma na je. Mai babur ɗin da ya ɗauko ni daga bakin titi ya bi ta gefen rafi, na ga fili guda kewaye da waya, albasa ta yi kore shar a ciki, inji yana ta kaɗawa. Na gane fadamar da aka sayar ce.

Ismail dogo ne, ya fi Hambali rama, furfura ta cika masa gemu. Ya shimfiɗa mini tabarma a zaure, aka kawo fura. Ya juya agogon a hannunsa, bai ɗaura ba. Ya tambaye ni abin da Hambali ke ci a can, ko akwai masallaci kusa da gonar, ko Kiristan nan abokinsa yana nan. Na amsa duka. Sai ya ce:

"Yana kiran Inna, yana kiran Atine. Ni sai dai ya turo gaisuwa. Fushi yake yi?"

Na ce ba fushi ba ne, kunya ce.

Ya ce:

"Kunyar me? Shi magana ya yi daga nesa. Ni ne a nan. Ni na san garin nan, na san mutanen ofishin nan, kuma ni na ɗauki fartanya na fasa. Sannan ni na sayar masa da wuri ban tambaye shi ba. Ka gaya masa haka, yadda na faɗa. Ka ce ya zo gida ko na sati biyu ne. Inna ba ta da ƙarfi kamar da."

Na kira Hambali tun kafin in bar garin, ina tsaye a bakin titi ina jiran mota. Yana wurin aiki, ina jin ƙarar fankokin rumfa a bayansa. Na faɗa masa maganar yayansa kalma bayan kalma.

"Ya rame?" ya tambaya.

"Ya rame."

"To. Zan yi wa manaja maganar hutu bayan an gama tsinkar tumatir."

"Yaushe ke nan?"

"Afrilu," ya ce. "Ko Mayu."

Inna ta rasu a Maris. A waya Ismail ya gaya masa, kuma wannan ne karo na farko da suka yi magana kai tsaye tun Yuli. An yi jana'iza kafin azahar, Hambali yana layi na tara a rumfa ta uku, yana gyara bututun da ya toshe.